Muritaniya ko Namibiya: Ina Direban Rairayi Daga Maradi Zai Kafa Tanti a Bakin Teku?

Direban da ya saba ratsa rairayin arewacin Dakwaro da kat-kat, ko wanda ya taɓa kwana a daji a wajajen Gadabeji, idan sha'awar kafa tanti a bakin teku ta kama shi, gandun daji biyu ne a Afirka suka fi cancanta ya ɗora a ma'auni kafin ya fitar da kuɗinsa. Na farko shi ne Banc d'Arguin na ƙasar Muritaniya, na biyu kuma Gaɓar Ƙwarangwal ta ƙasar Namibiya, wadda a taswira ake rubuta ta Skeleton Coast. Dukkansu wurare ne da hamada ta gangaro har bakin tekun Atlantika, babu babban gari, babu inuwa, babu rijiya, kuma mai hankali ba ya tunkararsu sai da mota mai ƙarfi da guzuri isasshe. Sai dai kamannin nasu a hoto ya fi yawa, domin abin da kowanne yake nema daga direba, da abin da yake ba shi, sun sha bamban ƙwarai.

Abin da ya sa wuraren biyu suka yi kama shi ne ruwan sanyi. Iskar da ke kaɗawa a gefen gaɓa tana ture ruwan saman teku zuwa ciki, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa ɗauke da abincin kifi. A Muritaniya magudanar Kanari ce ke gangarowa daga arewa, a Namibiya kuma ta Bengela ce ke haurowa daga kudu. Ruwan sanyi ba ya haɗa hadari, shi ya sa tudu ya bushe ƙamas alhali teku yana cike da kifi, tsuntsaye da namun daji kuma suka taru a ɗan siririn layin da ke tsakanin yashi da ruwa.

An kafa gandun Banc d'Arguin a 1976, hukumar UNESCO kuma ta saka shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu rabi ruwa, a tsakanin Nuwakshot babban birnin ƙasar da Nuwadibu da ke arewa. Tekun wurin ba shi da zurfi, cike yake da tsibirai irin su Tidra da Arguin, da tuddan yashi da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, waɗanda a kan ɗaya daga cikinsu ne jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse ya maƙale a 1816, mutane da yawa suka halaka. Kwaltar da ta haɗa biranen biyu, mai tsawon kimanin kilomita 470, ta gabashin gandun ta bi. A garin Shami da ke kusan tsakiyar hanya akwai ofishin gandun da gidan mai, kuma daga nan, ko daga wasu mararraba, ake sauka daga kwalta a nufi yamma, a ratsa hamada zuwa ƙauyukan masunta kamar Iwik da Arkeiss da Mamghar. Da zarar an sauka, hanya ta ƙare, sai sawun tayoyin waɗanda suka riga ka, wanda iska kan share shi cikin dare ɗaya.

Wannan ɓangare na tafiyar ba baƙon abu ba ne ga ɗan ƙasarmu. Ya san ya rage iskar taya zuwa wajen bar 1 idan rairayi ya yi laushi, ya san ba a taka birki da ƙarfi, ba a juya sitiyari a fusace, ba a tsayawa a gindin tudu, kuma ya san yashin sassafe ya fi na rana ɗaukar mota. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin ruwa. Kafin a shimfiɗa kwaltar nan a wajen 2005, gaɓar teku ce hanyar motoci tsakanin Nuwakshot da Mamghar, tafiyar kimanin kilomita 150, kuma har yanzu masu sha'awa suna bin ta. Sau biyu a rana teku yana cika ya hauro, sau biyu yana janyewa, lokacin kuma yana jinkirta da wajen minti 50 kowace rana. Idan ya janye yakan bar jiƙaƙƙen yashi mai tauri wanda mota ke gudu a kansa ba tare da wahala ba, amma na ƴan awoyi ne kawai, kuma akwai wuraren da tudun rairayi ya sauko har bakin ruwa, ta yadda idan teku ya dawo babu inda za a kauce. Wanda motarsa ta kafe a rairayin Dakwaro yana iya sauka ya tona, ya gaji, ya hura gawayi ya dafa shayi, ya sake komawa, yashi na nan yana jiransa. Wanda ya kafe a bakin teku kuwa, kowace igiyar ruwa da ta zo sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin tayarsa, motar ta ƙara nutsewa, kuma idan ruwan gishiri ya kai ga inji da wayoyin lantarki, maganar mota ta ƙare.

Duk wanda ya zauna kusa da direban da ya san wannan gaɓa zai lura idonsa ba ya kan abin da ke gabansa kaɗai. Yana bin baƙin layin yashin da ke tsakanin kumfar ruwa da farin rairayin sama, yana kallon teku ta gefen ido, idan igiya ta taso sai ya ɗan hau sama ba tare da ya saki totur ba, ta koma ya sake gangarowa. A gaban ƙauyukan masunta yana rage gudu saboda igiyoyin da aka ɗaure jirage da su, waɗanda ke miƙe daga ruwa zuwa tudu, da yaran da ke fitowa daga bayan jirage a guje. Wannan ilimi ne da hamadar da ba ta da teku ba ta koyar da shi.

Tarko na biyu shi ne fadamar gishiri, wadda mutanen ƙasar ke kira sabka. Fili ne shimfiɗaɗɗe, fari ko ruwan toka, mai jan hankalin direban da rairayi ya gajiyar, domin ya yi kama da wurin da za a saki mota ta huta. Amma kamar kunun da ya huce ya yi fata a sama yake, ƙarƙashinsa taɓo ne mai gishiri, kuma kusa da gaɓa ruwan teku yana shiga ta ƙasa ya jiƙa shi ko da ba a yi ruwan sama ba. Motar da ta fasa wannan fatar takan zauna a kan cikinta, rage iskar taya ba ya fitar da ita, wani lokaci ma motar da ta zo ja sai ta bi sahu. Saboda sabka da lissafin cikar teku ne nake ganin shiga Banc d'Arguin ba tare da ɗan jagora daga mutanen wurin ba ganganci ne, ko da mutum yana da taswira a wayarsa, domin taswira tana nuna inda wani ya bi a wata rana, ba ta faɗin ko ƙasar ta jiƙe a yau. Mota biyu kuma sun fi ɗaya.

Wanda ya ji sunan Gaɓar Ƙwarangwal zai ɗauka can ne ƙarshen kasada, kuma ƙofar shiga ta kudu, a bakin kogin Ugab, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikinta, tana ƙarfafa wannan zato. An kafa gandun a 1971, ya miƙe kimanin kilomita 500 daga kogin Ugab zuwa kogin Kunene da ke iyaka da Angola, girmansa kuma ya haura murabba'in kilomita 16,000, wato ya fi na Muritaniya. Amma a wajen tuƙi, ƙa'idojinsa sun fi tsauri nesa ba kusa ba. Mai tuƙa kansa ɓangaren kudu kaɗai aka yarda ya shiga, ta ƙofar Ugab ko ta Springbokwasser da ke gabas, ya bi hanyar tsakuwa da gishiri zuwa sansanonin Torra Bay da Terrace Bay. Arewa da nan sai da izini na musamman, ta hannun kamfanonin da aka ba wa lasisi, yawanci ma da ƙaramin jirgin sama ake kai baƙi. Dole a shiga ƙofar Ugab kafin ƙarfe 3 na yamma, mai kwana ya nuna shaidar ya kama wuri tun kafin ya zo, kuma sauka daga hanyar da aka shata laifi ne mai tara, sai fa a ƴan wuraren da aka ware wa masu kamun kifi da ƙugiya.

Dokar tana da dalili. Filin tsakuwar da ido ke gani kamar ba komai a kansa lulluɓe yake da wani ɗan tsiro mai kama da gansakuka, wanda ke rayuwa da laimar hazo, girmansa kuma a shekara bai wuce ƴan milimita ba. Shi ke riƙe fuskar ƙasa, kuma inda taya ta murƙushe shi sawun yakan zauna shekaru gommai, domin ruwan saman da zai share shi da wuya ya kai milimita 10 a shekara. Akwai kuma tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa tsirara a cikin wannan tsakuwa. Saboda haka wanda ya tafi Namibiya da niyyar ya saki mota a kan tuddai, a wajen gandun zai samu biyan buƙata: a gandun Dorob da ke kudu da shi, wanda aka kafa a 2010, inda aka keɓe wasu tuddai tsakanin garuruwan Swakopmund da Walvis Bay domin masu kat-kat da suka karɓi takardar izini, da kuma Sandwich Harbour, kimanin kilomita 50 kudu da Walvis Bay, inda tuddan rairayi masu tsawon wajen mita 100 ke faɗawa kai tsaye cikin teku. Can ma lissafin janyewar teku ne ke buɗe hanya ya rufe ta, kuma mafi yawan baƙi a bayan direbobin yankin suke zuwa.

Hatsarin Namibiya na wani iri ne dabam. Ana tuƙi a hannun hagu, sitiyari yana dama, abin da ke rikita wanda ya girma a titunan Nijar, musamman a shataletale da lokacin fitowa daga gidan mai. Hanyar da ta bi gaɓa arewa da garin Henties Bay da gishiri aka daddale ta, idan ta bushe sumul take kamar kwalta, idan hazon safiya ya jiƙa ta kuwa santsi take yi. Hazon nan ba irin na hunturunmu mai ƙura ba ne, laima ce mai sanyi da ke tasowa daga teku ta rufe gaba har rana ta ɗaga. Kuma abin da ya fi samun baƙi a ƙasar shi ne kifewar mota a hanyar tsakuwa saboda gudu, domin hanyar tana da faɗi, babu kowa a kanta, ƙafa takan yi nauyi a kan totur ba tare da an sani ba. Kamfanonin haya da yawa sun saka na'urar da ke rubuta gudun mota, kuma wanda ya haura kilomita 80 a awa a kan tsakuwa inshorarsa tana iya faɗuwa.

A wajen kwana ma bambancin a fili yake. Cikin Banc d'Arguin akwai mutane, wato Imragen, masuntan da ke zaune a ƙauyukan da ba su kai 10 ba, kuma su kaɗai doka ta yarda su yi su a ruwan gandun, da jiragen filafilai, domin an hana jirgi mai inji. A wasu ƙauyukan ƙungiyoyin mazauna sun tanadi masauki: manyan tantunan Larabawan hamada masu faɗi da gajarta, da tabarmi da katifu a ƙasa, mata suna dafa shinkafa da kifin da aka kamo a ranar, ana zuba shayi kofi uku kamar yadda muka sani a wajen Buzaye. Mai tantinsa yana iya kafawa a gefe, misali a gindin dutsen Tafarit kusa da Arkeiss, bayan ya biya kuɗin shiga na kowace rana. Abu biyu ne ke gwada haƙurin mutum a nan. Na ɗaya iskar arewa, wadda ba ta cika kwanciya ba, har turakun tanti ba sa riƙewa a yashi sai an binne buhu cike da rairayi an ɗaura igiya a jikinsa, ko a jingina tantin da mota. Na biyu ruwa, domin wanda mazauna ke sha jigilarsa ake yi daga nesa ko a tace na teku, saboda haka baƙon da ya zo da jarkokinsa cike ya sauƙaƙa wa kansa, ya kuma sauƙaƙa wa masu masaukinsa. Babu gidan mai a cikin gandun, kuma rairayi yana shan gazuwal fiye da kwalta sosai, don haka lissafin da aka yi da tsawon kilomita kaɗai yakan gaza.

A Gaɓar Ƙwarangwal babu ƙauye ko ɗaya, kuma ba a kafa tanti inda aka ga dama. Sansanin Torra Bay a watannin Disamba da Janairu kaɗai ake buɗe shi, lokacin hutun masu kamun kifi na ƙasar da na Afirka ta Kudu, yayin da Terrace Bay, mai ɗakuna da wurin cin abinci, ke aiki duk shekara, dukkansu a hannun kamfanin gwamnati mai kula da masaukan gandayen daji. Kudu da ƙofar Ugab, a cikin Dorob, akwai sansanoni irin su Mile 72 da Mile 108. An shata wa kowa wurinsa, akwai makewayi, ruwan wanka kuma saye ake yi. Motocin haya na Namibiya sun zo da shiri wanda babu irinsa a Nuwakshot: tanti a kan rufin mota da ake buɗewa cikin ƴan mintuna, firji, tukunyar gas, tankin ruwa, babban tankin mai da safaya taya biyu. Sai dai sanyi ne da ɗan Maradi bai san irinsa ba, mai laima, mai ratsa bargo, ko a tsakiyar bazararsu. Diloli suna yawo a sansani da dare suna ɗauke takalmi da duk abin da aka bari a waje, kuraye suna bin gaɓa suna neman mushe, kuma a ƴan shekarun nan zakunan hamada sun dawo farautar karnukan teku, wato dabbobin ruwa masu shayarwa da ke taruwa a gaɓa, a wajajen Torra Bay, har hukuma tana gargaɗin masu kwana kada su yi yawo da ƙafa a bakin kogunan da suka ƙafe.

Abin kallo a Muritaniya tsuntsaye ne. Fiye da miliyan 2 suke sauka a nan kowane hunturu daga arewacin Turai da Sibiriya da Girinland, suna kiwo a taɓon da teku ke bari idan ya janye, ga kuma ƙwasa-ƙwasa da dogayen tsuntsayen nan masu ruwan hoda da ke tsayawa da ƙafa ɗaya. Amma daga cikin mota kaɗan ake gani. Sai an ajiye ta a Iwik ko wani ƙauye, an shiga jirgin filafilan Imragen tun da safe, an bi iska da ruwa zuwa kusa da tsibirai, kuma wanda bai ware wa wannan yini guda ba ya yi asarar rabin tafiyarsa. A Namibiya kuwa daga bakin hanya ake ganin abubuwa: dubban karnukan teku a Cape Cross, inda matuƙin jirgin Fotugal Diogo Cão ya kafa alama a 1486, waɗanda yawansu kan haura 100,000 a lokacin haihuwa a Nuwamba da Disamba, da wari da kukan da mutum ba ya mantawa, mariri da barewa a bakin kogunan da suka ƙafe, da gawarwakin jirage. Game da jiragen nan, kada hotuna su ruɗi mai tafiya. Shahararru irin su Dunedin Star da ya lalace a 1942 suna yankin da mai tuƙa kansa ba ya isa, da yawa kuma gishiri ya cinye su saura ƴan ƙarafa. Wanda aka fi gani sosai shi ne Zeila, da ya maƙale a 2008 kudu da Henties Bay, tun kafin ma a kai gandun.

Akwai abin da littattafan yawon buɗe ido na Turawa ba sa sakawa a ma'auni, alhali a wurinmu yana da nauyi. Muritaniya ƙasar Musulunci ce, nama halal ne a ko'ina, akwai masallaci ko a ƙaramin ƙauye, direba da kansa zai tsaya idan lokacin salla ya yi, kuma da Faransanci ko ɗan Larabcin makarantar allo mutum yana biyan buƙatarsa. A Namibiya Musulmi tsiraru ne, yawancin masallatai da mahautan halal a Windhuk babban birnin ƙasar suke, saboda haka wanda bai sayi namansa ya cika firji tun daga can ba, kifi da gwangwani ne abincinsa har ya dawo. Harshen aiki Ingilishi ne. Alƙibla ma sai an kula, domin wanda ya saba fuskantar gabas a Maradi zai yi kusan daidai a Muritaniya, amma a Namibiya ta karkata arewa maso gabas, ta ma fi kusa da arewa.

Ko wanne aka zaɓa, motar mutum a gida za ta zauna. Namibiya ta yi nisa, hanyar ƙasa zuwa Muritaniya kuma ta Mali ko Burkina Faso take bi, inda rashin tsaro ya sa ba tafiyar da za a yi domin shaƙatawa ba ce. Saboda haka sai an yi kilomita wajen 660 zuwa Yamai, ko a gangara Kano, a hau jirgi. Zuwa Nuwakshot ya fi kusa ko da an sauya jirgi a hanya. Zuwa Windhuk kuwa yawanci ta Adis Ababa ake zagayawa, sannan a tuƙa kimanin kilomita 360 zuwa Swakopmund, a ƙara wajen 200 kafin a ga ƙofar Ugab. Ƙasashen biyu suna neman katin rigakafin shawara daga wanda ya fito daga Nijar, Namibiya kuma tana neman biza. A Nuwakshot al'ada ita ce a ɗauki Hilux ko Land Cruiser tare da direbanta, a yi ciniki baki da baki, a biya da kuɗi hannu, sefa kuma ana canza ta zuwa ugiya, kuɗin ƙasar, ba tare da wahala ba. Yana da kyau a buga kwafi da yawa na bayanan fasfo, domin jandarmomi suna karɓa a kowane shinge. A Windhuk kuwa kamfanin haya yana neman katin banki da zai riƙe kuɗin jingina a kansa, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tunda namu da Faransanci aka rubuta shi, kuma sefa ba ta da amfani a can. Ɗan kasuwar da ya saba kammala komai da tsabar kuɗi da amana ya kamata ya warware wannan tun yana gida. Ya kuma karanta takardar inshora da kyau, domin yawancinsu ba sa biyan ɓarnar taya, gilashi da ƙarƙashin mota, balle wadda ruwan teku ko hawan tudu ya jawo.

A ganina, ga mutumin Maradi da wannan ce tafiyarsa ta farko, Banc d'Arguin ya fi. Kuɗin jirgi da na mota sun fi sauƙi, ba ya fama da abinci ko salla ko harshe, kuma idan tuƙi a inda babu hanya ne ya fito da shi, a nan zai same shi na gaskiya, tare da wanda zai nuna masa abin da bai sani ba game da teku. Aibinsa shi ne sitiyari yawanci yana hannun wani, sai dai a yi yarjejeniya da direban tun a gari cewa za a riƙa karɓarsa a wasu wurare, kuma jin daɗin masauki kaɗan ne, wanda zai iya yi wa mai tafiya da iyali ko dattijo nauyi. Namibiya ta dace da wanda ke son ya riƙe motarsa da kansa daga farko har ƙarshe, yana da Ingilishi da katin banki, yana son tsari da alamun hanya da makewayi mai tsabta, kuma ya yarda cewa a cikin gandun kansa bin layi zai yi, wasan tuddai sai a Dorob. Mai son namun daji ma can ya kamata ya nufa, tunda daga ƙofar Springbokwasser hanya tana shiga yankin Damaraland mai giwayen hamada. Wanda kuwa ke neman wurin wanka a teku da kwanciya a yashi, duka biyun ba nasa ba ne, musamman Namibiya inda ruwan ke da sanyi da igiyoyi masu ƙarfi.

Lokacin tafiya kusan ɗaya ne, ko da yake dalilan sun bambanta. A Muritaniya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tsuntsayen ke nan kuma zafi ya sauka, wato daidai lokacin ɗarinmu. A Namibiya Disamba da Janairu bazara ce, su ne watannin Torra Bay da na ƴaƴan karnukan teku, amma su ne kuma na cunkoso, don haka sai an kama wuri watanni kafin a tashi. Daga Mayu zuwa Agusta kuwa wata iskar gabas mai zafi takan taso da ƙura har ta kankare fentin mota. Wanda zai bi bakin ruwa, a Mamghar ne ko a Sandwich Harbour, ya duba kwanan watan Musulunci kafin ya sayi tikiti, domin teku ya fi janyewa nesa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 gare shi, a nan yashi mai tauri ya fi faɗi, ko da yake a kwanakin ne kuma ya fi haurowa idan ya dawo. Jadawalin cika da janyewa na ranar da za a bi gaɓar ana samunsa a intanet, a sauke shi a waya tun a gari saboda layin waya yana ɗaukewa a mafi yawan wuraren biyu, sannan a gwada shi da abin da masuntan wurin suka faɗa. A cikin mota kuma kada a rasa shebur, igiyar ja mai ƙarfi, famfon iska da ma'auninsa, faranti biyu na shimfiɗa wa taya, katakon da jak zai tsaya a kansa, da ruwan sha na aƙalla lita 5 ga kowane mutum a kowace rana, da ƙarin na kwana biyu a kan abin da aka tsara.